Shamuwa a Sararin Madakiya

A ƙasar Daura da Katsina da Maraɗi, idan bazara ta kai maƙura, rijiyoyi suka ja ruwa, zafi ya hana kowa barci a ɗaki, akwai wata safiya da mutanen gari kan tashi su tarar da baƙi a kan tsamiyar ƙofar masallaci ko kukar bakin kasuwa. Tsuntsaye ne baƙaƙen baya, fararen ciki, masu dogayen ƙafafu, suna tsaye shiru a kan rassa. Ba mai tambayar sunansu. Shamuwa ta iso. Daga ranar manomi zai sauko da irin gero daga rumbu, ya gyara ƙotar sungumi, mai gaggawa ma ya fita gona ya yi binne tun hadari bai haɗu ba.

A cikin danginta ita ce mafi ƙanƙanta. Babba-da-jaka, mai yini a mahauta da juji, ɗan uwanta ne, amma ya ninka ta girma sau da yawa. Tsawonta wajen santimita 73 ne, nauyinta kuwa kilo 1 da ɗan ɗori. Ban da cikinta, daga nesa baƙa ce wuluk, sai ka matso rana ta haske ta za ka ga gashin bayanta yana walƙiyar kore da shunayya. Ƙafafunta ruwan toka ne, gwiwa da yatsu jajaye. A lokacin sheƙa fatar fuskarta kan yi shuɗi, da ɗan ja a gaban ido. In ta tashi sama takan miƙe wuya gaba, ta miƙe ƙafa baya, kuma da wannan ake bambanta ta da balbela da zalɓe, waɗanda ke naɗe wuya idan suna tafiya. In kuwa ka ga ƙafafunta sun yi fari fat da tsakar rana, kashinta ne. A kansu take yi, yana bushewa yana sanyaya mata jini. Wani masanin dabbobi na Jamus mai suna Lichtenstein ne ya shigar da ita littafin kimiyya a 1823, ya laƙaba mata sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan ta wancan zamani.

Yawancin tsuntsayen daji gudun mutum suke yi, ita kuwa shamuwa a tsakiyar gari take neman masauki. Da ƙirare take gina sheƙa a kan kuka ko tsamiya ko gawo, wani lokaci a kan jinkar ɗaki, kuma bishiya guda kan ɗauki sheƙuna da dama. Takan yi ƙwai biyu ko uku, mace da namiji su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci na kusan wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su iya tashi. Abincinta fara ce da tsutsa da shinge, ta haɗa da ƙananan kwaɗi da ƙadangaru da ɓeraye. Duk abin da ke ɓata wa manomi shuka, shi ne kalacinta. Shi ya sa yaron da ya ɗaga mata danƙo ko ya hau bishiya neman ƙwanta zai sha faɗa a bakin tsofaffi, a tsoratar da shi da masifar da ke bin mai taɓa ta. A wasu ƙauyukan Sahel har kwando ake ɗora mata a kan ɗaki don ta zo ta yi gida.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ga mai tsokano wa kansa fitina ake faɗar haka, amma wanda ya taɓa ganin shamuwa kwance a kan ƙwai cikin ruwan damina, sheƙar ba rufi, iska na kaɗa reshe, ruwa na zuba a bayanta ba ta motsa ba, zai ce a kanta aka fara yin maganar. Sai dai gaskiyar lamarin ita ce shamuwa bin ruwa take yi. Ruwa ke fito da ciyawa, ciyawa ta tara fara, ita kuma tana auna zuwanta ne yadda 'ya'yanta za su ƙyanƙyashe daidai lokacin da fara ta yi yawa. Da kaka ta shigo, ciyawa ta fara bushewa, sai a wayi gari sheƙuna ba kowa.

Ina take zuwa? Wannan tambayar ta daɗe tana damun mutane, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Turkawa suna kiran farar 'yar uwarta alhaji, don sun ɗauka Makka take nufa duk shekara. A Turai an yi zamanin da wasu ke cewa tsuntsayen da ke ɓacewa da sanyi barci suke yi a cikin laka. Sai a 1822, kusa da garin Klütz na Jamus, aka harbo wata farar shamuwa da guntun mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare hamada da teku. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Tamu kuwa ba ta fita Afirka zuwa Turai. A farkon shekarun 2000 masu bincike daga Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwoyi ƙananan na'urori a Jamhuriyar Nijar, suka bi sawunsu ta tauraron ɗan'adam, suka ga sun nausa kudu maso gabas har Tanzaniya. Wasu garkunan kan zarce Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina ke sauka lokacin da muke cikin hunturu. Ba da ƙarfin fiffike take cin wannan tafiyar ba. Jira take rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi sama, sai ta buɗe fukafukai ta bi ta tana kewaye har ta yi nisa, sannan ta sulale gaba zuwa wata iskar. In aka lissafa, watannin da take yi a hanya da ƙasashen wasu sun fi waɗanda take yi a kan tsamiyarmu.

A hanyar dawowa ne take ratsa kudancin Kaduna. Madakiya gari ne na Bajju a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, dab da Kafanchan, kusa da inda ruwan Matsirga ke zubowa daga kan dutse, ana hangen duwatsun Kagoro daga nesa. Ƙasa ce ta citta da acca da doya da gwaza, da kurmi a bakin kowane rafi. A nan ruwan farko kan sauka a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, alhali a Daura sai an shiga Yuni ake sa ran shuka ta kama. Saboda haka shamuwa kan bayyana a sararin Madakiya makonni kafin a gan ta a arewa. Ba kasafai take sheƙa a nan ba. Sauka take yi a gonakin da aka share, ta cika ciki, ta kwana ɗaya ko biyu, ta wuce.

Wannan yankin ya saba da 'ya'yan baƙi. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, ma'aikata daga kudu da arewa suke zuwa da iyalansu, yaransu suna shiga makarantun nan da harshen wani gari a bakinsu. Ɗan ƙanwata yana cikin irin waɗannan. Daga wani ƙauye na ƙasar Daura aka kawo mini shi nan Madakiya ya fara ƙaramar sakandare, a watan Satumba, lokacin da shamuwar garinsu ita ma ke shirin tashi. Kewar gida ta kama shi kamun da ba na wasa ba. Tuwon acca bai karɓe shi ba. Duhun itatuwa da tsayin ciyawa suna ba shi tsoro, shi da ya tashi inda ido ke kaiwa ƙarshen fili. A aji kowa yana jin Hausa, amma da ya buɗe baki sai a kwashe da dariyar lafazinsa, idan kuma 'yan ajin suka juya zuwa Jju, harshen Bajju, sai ya zama kurma a tsakiyarsu. Ya daina magana. Da dare yakan ce mini, "Kawu, yaushe za a yi hutu?" Ni kuma in ce masa ya yi haƙuri, baƙo raɓa ne, in ya zauna zai zama ɗan gari. Maganar manya ce, ba ta shiga kunnen yaro mai kewar uwa.

Abin da ya sauya al'amarin ya faru ne a ƙarshen zangon karatu na biyu. An yi ruwan dare, shinge ya fito, da hantsi sai ga garke yana kewaye a sama ta wajen duwatsu, ya sauko filin ƙwallon makaranta. Tsuntsayen suka bazu suna takawa a hankali, suna tsintar ƙwari. Wasu yara suka zaro danƙo. Yaron nan da ya yi watanni ba a ji muryarsa ba ya ruga tsakiyarsu yana ihu, "Kada ku harbe ta! Ta garinmu ce!" Aka yi dariya, amma aka sauke hannu. Wani ya tambaye shi yadda aka yi tsuntsun sama ya zama na garinsu. Nan ya shiga ba su labari: yadda take ɗauko ƙirare ɗaya bayan ɗaya, launin ƙwanta, yadda uwa ke amayo fara a cikin sheƙa 'ya'ya su yi wawaso, yadda take buɗe fukafukai ta yi musu inuwa da rana, yadda ƙarƙashin tsamiyar gidan kakarsa ke yin fari da kashinta har ba a iya shimfiɗa tabarma. Yaran Madakiya sun sha ganin tsuntsuwar tana wucewa, amma ba wanda ya taɓa ganin gidanta a cikinsu. A ranar, shi ne mai sani.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji masu iya magana. Shamuwa kuwa kusan ba ta da kuka. Muryarta ba ta wuce ɗan siririn fito a bakin sheƙa, sai kuma ƙwanƙwasa baki da take yi idan ta tarbi abokin zamanta. Duk da haka, a Daura da Madakiya da Tanzaniya ba a ɓata ta, domin tafiyarta da cinta da tashinta iri ɗaya ne ko'ina. Abin da mai barin gida ke tafiya da shi ya wuce lafazi. Yaron nan ya zo da sanin da ya tara a ƙarƙashin bishiya tun yana rarrafe, bai kuwa san dukiya ba ce sai da ya iske waɗanda ba su da ita.

Sani kuwa rance ne, ana biya. Asabar ta gaba abokansa suka ja shi Matsirga. Yaron da bai taɓa ganin ruwa yana faɗowa daga sama ba hadari ba ya tsaya baki buɗe. Suka nuna masa yadda ake ɗaga dutse a rafi a kama ƙaguwa ba ta datse yatsa ba, suka koya masa bambanta ganyen citta da na ciyawa, suka faɗa masa sunayen tsuntsayen kurmi da harshensu, yana maimaitawa suna dariya, wannan karon har da shi. Malamar kimiyya ta ji labari, ta sa shi ya zana shamuwa a allo, ya yi wa aji bayani. Da yamma ya karɓi wayata ya kira kakarsa. "Kaka, na ga shamuwa, ta wuce ta nan, tana tafe wajenku." Tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Maigidana, ashe ka riga mu ganin baƙin? To, in wasu sun sake wucewa ka ce musu tsamiyarsu tana nan, ba a sare ba." Kewar ba ta tafi gaba ɗaya ba, har yanzu yana lissafin hutu. Amma ya gane cewa garin da aka kawo shi yana kan hanya ɗaya da garinsu, kuma akwai abin da ake gani a nan kafin a gani a can.

Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shamuwa tana barin gida duk shekara, ta dawo ta tarar da shi, muddin an bar mata bishiyar a tsaye. Sharaɗin ke nan, kuma shi ne ke lalacewa. Tsamiya da kuka da gawo suna faɗuwa ga masu itace da gawayi, gari yana faɗaɗa yana cinye fili, feshin maganin ƙwari kuma yana kashe farar da take ci, wani lokaci ya shiga cikinta tare da farar. Ƙauyen da ya sare manyan itatuwansa ya rasa mai yi masa busharar damina da mai taya shi yaƙi da fara a lokaci guda.

Ga malaman makarantun da ke karɓar 'ya'yan nesa, darasin a fili yake. Yaron da ya yi shiru a bayan aji ba lallai ne daƙiƙi ba. Sau da yawa ba a tambaye shi abin da ya sani ba ne. Ɗan makiyayi ya san saniya, ɗan masunci ya san kifi, ɗan manomin gero ya san shamuwa, kuma kowanne zai buɗe baki idan aka zo fagensa. Akwai ma aikin da bai buƙatar kuɗi: littafi guda a kowace makaranta, daga Madakiya zuwa Zariya, zuwa Kano da Daura da Maraɗi, yara su riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa da ranar da ruwan farko ya sauka. Cikin 'yan shekaru za a sami lissafin da manoma za su amfana da shi, kuma yaran da suka rubuta shi za su san cewa ɗan wani gari da ke zaune kusa da su a benci yana riƙe da rabin labarin da su ba su da shi.