Karin Sauti da Kunnen Makaɗi

Sauti girgizar iska ne. Gwargwadon yawan girgizar cikin daƙiƙa ɗaya, gwargwadon tashinsa. Can cikin kunne ake fara rarrabe shi, kana jijiyar ji ta kai shi gindin ƙwaƙwalwa, inda saƙon jijiyoyi ke bin girgizar sau da ƙafa.

Horo yana gyara wannan aiki. A 2007 Patrick Wong da abokansa, a Jami'ar Northwestern ta Amurka, sun jiyar da gaɓoɓin Sinanci ga waɗanda ba su san harshen ba. Sai aka ga gindin ƙwaƙwalwar makaɗa ya fi na sauran bin hawa da saukar murya. A 2006 kuwa Diana Deutsch ta gwada ɗaliban kiɗa da suka fara koyo suna da shekara 4 ko 5: wajen kashi 60 cikin ɗari na Sinawan Bejin sun iya faɗin sunan amo daga jinsa kurum, na Amurka kashi 14.

Hausa ma harshe ne mai karin sauti: da shi ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, alhali rubutunmu bai nuna shi ba. Ya kyautu masu tsara yaƙi da jahilci su gwada kalangu a aji, domin ɗalibi ya lura da abin da kunnensa ya riga ya sani.