Dukanci da Ƙira: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Sabon Tasha

1.0 Gabatarwa

Unguwar Sabon Tasha tana kudu da Kogin Kaduna, a kan hanyar Kachiya, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Daga cikin abubuwan da suka bunƙasa ta akwai kwararowar ma'aikata zuwa masana'antun kudancin Kaduna, kamar masaƙun Kakuri waɗanda aka fara kafawa a 1957, da matatar man fetur da aka buɗe a 1980. Mazaunanta sun fito daga al'ummomi daban-daban, irin su Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Ibo da Yarbawa da Hausawa, amma Hausa tana cikin manyan harsunan da ake ciniki da su a kasuwarta.

A irin wannan unguwa za a ga mai gyaran takalma yana yawo da akwatinsa, a ga mai walda yana lanƙwasa rodi domin yi wa ƙofa ado. Ba kasafai ake kiran na farkon baduku ba, haka kuma ba a cika kiran na biyun maƙeri ba, alhali kuwa aikin da suke yi reshe ne na waɗannan tsofaffin sana'o'i biyu. Malamin da zai koyar da sana'o'in Hausawa na gargajiya a makarantar birni yana bukatar ya san tushen, ya kuma san reshen, domin ɗalibansa reshen suka buɗe ido suka gani.

2.0 Ma'ana da Tarihi

Dukanci shi ne sarrafa jemammiyar fata a mayar da ita kayan amfani ko na ado. Mai yin sa shi ne baduku, jam'i dukawa. Ƙira kuwa ita ce sarrafa ƙarfe ta hanyar gasa shi ko narka shi, sannan a buge shi ko a zuba shi ya ɗauki siffar da ake so. A gargajiyance dukkan sana'o'in biyu na gado ne, kuma suna da shugabanninsu da sarki yake naɗawa, wato Sarkin Dukawa da Sarkin Maƙera.

Tarihin baka na Kano ya nuna cewa Abagayawa, wato maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama, suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dutsen Dala. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar fatake daga ƙasashe masu nisa. A ƙarni na 16 matafiyin nan Leo Africanus ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir, waɗanda ake kai kayansu Tambutu da Gao. Haka nan Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu a cikin manyan hajojin birnin, ya ce ana kai fatun har Tarabulus.

Mafi daraja a cikin waɗannan fatu ita ce ta jar akuyar Sakkwato, wadda ake kiwon irinta har a yankin Maraɗi. Da yake ta tashoshin Afirka ta Arewa take isa Turai, sai Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna rufe bangon littattafai masu tsada da ita. Ke nan aikin na majeman ƙasar Hausa ne, amma sunan wata ƙasa ya fito.

3.0 Jima

Baduku ba ya taɓa fata sai ta bi ta hannun majemi. Fatar da aka feɗe, in aka bar ta haka, ko dai ta ruɓe ko ta bushe ta ƙandare. Jima ita ce take hana duka biyun. Matakanta a taƙaice su ne:

(a) Jiƙo: ana tsoma fatar a ruwa domin ta yi laushi, jini da datti su fita.

(b) Cire gashi: ana saka ta a ruwan toka na wasu kwanaki har gindin gashin ya saki, sai a ɗora ta a kan itace a kankare da kartaji.

(c) Tausasawa: ana jiƙa ta a ruwan kashin tantabara ko na ganyen fataka, wanda yake kashe kaifin tokar, ya sa fatar ta yi taushi.

(d) Bagaruwa: ana daka 'ya'yan bagaruwa a jiƙa, a tsoma fatar a ciki ana cuɗawa. Wannan shi ne zuciyar aikin, domin sinadarin da yake cikin bagaruwa shi yake kama zaren fatar ya hana ta ruɓewa.

(e) Shafe da shanya: ana shafa mata man gyaɗa, a shanya a inuwa, sannan a ja ta a miƙe.

Bayan jima sai rini. Ana samun ja daga karan dafi da aka haɗa da kanwa, rawaya daga gangamau, baƙi kuma daga kuloko. Kuloko ruwa ne da ake jiƙa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a ciki, wanda da zarar ya haɗu da bagaruwar da take jikin fata sai wurin ya koma baƙi. Kore kuwa daga garin tagulla ake haɗa shi. Wannan ya nuna cewa baduku yana dogara da maƙeri har a wajen launi.

4.0 Aikin Baduku

Kayan aikin baduku ba su da yawa: wuƙa ko aska ta yanka, da almakashi, da basilla ta huda da ɗinki, da madoshi, da dutse ko katako mai santsi da ake yanka a kai. Kayayyakin da yake samarwa ana iya kasa su gida huɗu. Na farko kayan sawa, kamar takalma da warki. Na biyu kayan ajiya da ɗauka, kamar zabira da alabe da burgami da taiki da gafakar Alƙur'ani da tandun kwalli da salka da guga. Na uku kayan doki da na yaƙi, kamar ragama da rufin sirdi da bulala da kube. Na huɗu kayan ado da na tsari, kamar tumtum da rufin laya da kambu da guru.

Ado a jikin fata iri-iri ne. Akwai zane da kuloko, akwai ɗinki da siraran tsagin fata masu launi, akwai liƙa wata fata a kan wata. Akwai kuma ɓare saman rinanniyar fata da bakin wuƙa, yadda farin ƙasa zai fito ya ba da siffa. Galibin siffofin ba na mutum ko dabba ba ne, layuka ne da kusurwoyi da dagi.

5.0 Ƙira da Zane a Jikin Ƙarfe

Maƙera iri biyu ne. Maƙeran baƙi su ne masu aikin baƙin ƙarfe, suna ƙera fartanya da garma da lauje da gatari da wuƙa da takobi. Maƙeran fari kuwa suna aiki da azurfa da tagulla da zinariya, suna yin zobe da munduwa da 'yan kunne da kayan adon doki. Kayan aikin maƙeri sun haɗa da zugazugi da uwar maƙera da masaba da guduma da awartaki, sai gawayi, wanda aka fi son na itacen ƙirya saboda ƙarfin wutarsa.

Zane a jikin ƙarfe ya fi yawa a wurin maƙeran fari. Hanya ta farko ita ce a kafa bakin ƙaramin ƙarfe mai kaifi a kan faranti ko munduwa, a riƙa bugawa a hankali ana bin layin zanen. Ta biyu ita ce a buga faranti ta baya da madoshi, zanen ya taso ta gaba. Ta uku ita ce zubi: a siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Nufawan Bida sun shahara da aikin tagulla, kamar yadda maƙeran Agadas suka shahara da na azurfa.

6.0 Halin da Ake Ciki a Birane

A da maƙeri tama yake haƙowa ya narka. Tun zamanin Turawa, da ƙarfen waje ya yawaita, narkar tama ta mutu, maƙeri ya koma ga tsofaffin ƙarafan mota da na jirgin ƙasa. A Kaduna babbar cibiyar wannan sabon salo ita ce Kasuwar Panteka, inda ake zubin tukwanen alminiyam, ana ƙera akwatunan ƙarfe da murhu da injinan niƙa. A unguwanni irin su Sabon Tasha kuwa injin walda ya maye gurbin zugazugi, kuma yaron da yake koyon aikin ba lallai ne ya zama ɗan gado ko Bahaushe ba.

Dukanci ya fi shan wahala, saboda dalilai uku. Na ɗaya, roba da leda sun kori guga da salka da taiki, takalman kamfani kuma sun fi na hannu araha. Na biyu, manyan kamfanonin jima na Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano, waɗanda suke jima da sinadaran zamani domin fitarwa ƙasashen waje, su suke kwashe fatu masu kyau, sai baduku ya samu saura da tsada. Na uku, cin ganda yana cinye fatun shanu masu yawa tun kafin su kai majema. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Hawan salla a Kano da Katsina da Zariya yana raya kasuwar kayan doki, sannan akwai cibiyar bincike da koyar da fasahar fata ta tarayya a Samarun Zariya.

7.0 Muhimmancin Darasin ga Malamin Hausa

Idan kayan sana'a suka ɓace, sunayensu ma sukan bi su, daga nan sai karin magana ya rasa ma'ana. Ɗalibin da bai san taiki ba zai haddace "an bar jaki ana dukan taiki" ba tare da ya gane hikimar ba. Haka "rijiya ta bayar, guga ya hana". Wanda bai taɓa ganin ana zuga wuta ba, ba zai ga dalilin da ya sa ake cewa an zuga mutum ba.

Bugu da ƙari, kalmomin waɗannan sana'o'i misalai ne masu kyau na ginin kalma. Ɗafa-goshin ma- yana ba da mai aiki (maƙeri, majemi), da wurin aiki (maƙera, majema), da kayan aiki (madoshi). Karin sauti ne kaɗai yake bambanta maƙera ta jam'in maƙeri da maƙera ta wurin ƙira: ta farko tana da karin sama, ƙasa, sama, ta biyu kuwa karin sama ne duka. Hatta sunan unguwar abin nazari ne, domin tasha kalma ce ta jinsin mace, wadda a Daidaitacciyar Hausa za a ce Sabuwar Tasha.

Saboda haka bai kamata malami ya tsaya ga jera sunaye a allo ba. Ya dace ya shigo da alabe ko kube ko munduwa cikin aji, ya kai ɗalibai wurin mai sana'a mafi kusa, ko da mai gyaran takalma ne, su tambayi sunayen kayan aikinsa. A aji mai harsuna da yawa kuwa, ana iya sa kowane ɗalibi ya kawo sunan abin a harshensu a kwatanta da na Hausa.

8.0 Tambayoyin Bita

1. Bayyana matakan jima, tare da amfanin bagaruwa.
2. Ta waɗanne hanyoyi baduku yake dogara da maƙeri?
3. Bambance tsakanin maƙeran baƙi da maƙeran fari.
4. Ziyarci mai aikin fata ko na ƙarfe a unguwarku, ka rubuta sunayen kayan aikinsa goma, ka ware na asali da na aro.