Kafin Ka Sayi Modem a Dutsin-Ma ko Kurfi

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, buƙatar intanet a garin ta wuce ta nishaɗi. Ɗalibi na son rajistar kwas, ɗan'uwansa na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita na neman takardun nazari, mai shagon kwamfuta a Kurfi na cike wa mutane fom ta yanar gizo. Da yake ba a ja wayar intanet gida-gida ba, mafita ita ce modem, na'urar da ake sa wa layi ta kamo sabis daga turken kamfani ta raba wa wayoyi da kwamfutoci. Kuskuren da yawancin masu saye ke yi shi ne fara tambayar wanne ya fi tsada. Modem guga ne, ba ya zuba wa rijiya ruwa. Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙarfin sabis a daidai ɗakin da za a ajiye shi.

Mutanen yankin sun ga hujjar haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Mai modem na dubban nairori da mai ƙaramar waya duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Don haka matakin farko ba ya cin ko sisi: a ari layukan MTN da Airtel da Glo, a gwada kowanne a waya cikin gidan, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau layi. Sandunan sabis na iya cika fal amma shafi ya ƙi buɗewa, domin turke guda jama'a da yawa ke rabawa. Layin da ke gudu a bakin kasuwa na iya zama gurgu a wata unguwar. Wannan ne ya sa modem buɗaɗɗe, mai karɓar kowane layi, ya fi wanda kamfani ya kulle a kan layinsa, ko da na kamfanin ya zo da garaɓasar data. Kuma a irin waɗannan garuruwa, mai 4G ya wadatar. Biyan kuɗin 5G inda ba a kafa shi ba asara ce.

Haɗawar kanta ba wuya. Layin dai sai an haɗa shi da lambar NIN, kamar yadda hukumar NCC ta wajabta tun Disamba 2020. A sa layi, a kunna, a shiga da suna da lambar sirrin da ke manne a jikin na'urar. Daga nan a rubuta adireshinta a burauza, yawanci 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, a sauya lambar sirrin nan take, in ba haka ba maƙwabta su sha datar. Wurin ajiyewa ne ake wa riƙon sakainar kashi: rufin kwano da katanga mai kauri na raunana sabis, saboda haka a ɗaga shi sama kusa da tagar da ke fuskantar turke, a inuwa, ba ƙarƙashin tebur ba.

Wani zai ce ai waya ma na raba intanet, me ya kai mutum ƙarin kashe kuɗi? Ga mutum ɗaya mai ɗan aiki, yana da gaskiya. Amma wayar da ta yini tana rabawa takan yi zafi, batirinta ya lalace, kuma da mai ita ya fita, sai a bar gida ko shago ba intanet. Wani kuma zai kawo Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023 kuma bai dogara da turke ba. Sai dai kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin ɗalibi. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wuta, domin ta KEDCO ba abin dogaro ba ce. Babban modem na jona wa bango ya fi kama sabis, amma yana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, sai in da sola ko janareta. Ƙaramin mai batir kuwa yakan yi awanni, ana kuma iya cajinsa da fawa banki, shi ya sa ya fi dacewa da ɗakin ɗalibi.