Ƙwai a Baka Ko Kaza a Akurki: Cacar Musayar 'Yan Wasa a Besbol na Amurka

A ranar 31 ga Yulin 2015, ana dab da rufe kasuwar musayar 'yan wasa, ƙungiyar New York Mets ta miƙa wa Detroit Tigers matasa biyu masu jefa ƙwallo, ciki har da Michael Fulmer ɗan shekara 22. A madadinsu ta karɓi Yoenis Céspedes, gwanin bugu ɗan asalin Kuba, wanda kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen wannan kakar.

Irin wannan ciniki na hana shugabannin ƙungiyoyi barci. Matashin da ya shiga babbar gasa yakan yi wa ƙungiyarsa wasa har shekara shida kafin ya sami 'yancin tafiya inda yake so, kuma a farkon shekarun albashinsa kaɗan ne. Sai dai hannun mai jifa ba shi da tabbas, jijiyar gwiwar hannu guda na iya raba shi da fili shekara cur.

Ƙwan Mets ya yi rana. Cikin wasanni 57 Céspedes ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 17, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na World Series karon farko tun 2000, ko da yake Kansas City Royals ce ta ɗauki kofin. Fulmer ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na rukunin American League a 2016, amma tiyatar gwiwar hannu ta zaunar da shi ilahirin kakar 2019.

Los Angeles Dodgers kuwa ta ciji yatsa. A Nuwamban 1993 ta bai wa Montreal Expos Pedro Martínez, shi ma ɗan shekara 22, ta karɓi Delino DeShields, bisa fargabar cewa ƙaramin jikin Pedro ba zai jure ba. DeShields ya yi kaka uku babu abin a-zo-a-gani. Pedro ya lashe kambun Cy Young na gwarzon masu jifa a 1997 da 1999 da 2000.

Bambancin yana ga halin da kowace ƙungiya take ciki. Mets na da Jacob deGrom da Matt Harvey da Noah Syndergaard, wato masu jifa sun wadace ta, bugu ne ya yi mata ƙaranci, ga shi tana hango kofi. Dodgers gurbi kawai take neman cikewa, sai ta biya shi da ɗan wasan da ba ta gama sanin darajarsa ba.