Wane harshen kwamfuta za a koya wa yaranmu a sakandare?

A shirinmu na wannan mako mun taɓo abin da iyaye ke biya wa kuɗi ba su san cikinsa ba, wato darasin kwamfuta. Ita kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Fulatanci. Sai an rubuta mata umarni ɗaya bayan ɗaya, da harshen da aka ƙera mata. Harsunan nan suna da yawa, dole makaranta ta zaɓa.

A Najeriya an daɗe ana koyar da BASIC, wanda aka ƙirƙiro a Amurka tun 1964. Yana da sauƙi, amma fa ya tsufa, da wuya yau a ɗauki mutum aiki saboda shi. Akwai Scratch, na jami'ar MIT, da ya fito a 2007. Shi yaro ba ya rubutu sosai, tubala masu launi yake ja yana harhaɗawa, ga shi akwai shi da Faransanci, abin da zai taimaki yaran Maraɗi da Damagaram. Ga 'yan ajin farko, madalla.

Ga manyan aji kuwa, mu dai Python muka fi so. Wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar da shi a 1991. Kyauta ne, ba a sayen lasisi. In an saka shi sau ɗaya yana aiki ba intanet, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka, har a wayar Android ana iya gwada shi. Da layi biyar ko shida yaro zai rubuta abin da zai juya naira zuwa sefa bisa canjin ranar, ko ya lissafa ribar awaki goma bayan an cire kuɗin mota da la'ada. Illarsa, kalmominsa na Turanci ne, kuma tazara ɗaya in ta kauce a farkon layi sai ya ƙi tashi. Nan ne ake bukatar malamin da ya iya da hannunsa.

To, Alhaji, in ka je biyan kuɗin zango, tambayi shugaban makaranta: yara nawa ke zama kan kwamfuta ɗaya? Akwai sola in wuta ta ɗauke? Don akwai makarantun da yaro ke kwafe umarnin daga allo shekara uku, bai taɓa danna shi ya ga ya yi aiki ba.