Te'o: Sunan Dabbar Da Ya Gagari Masu Fassara

A babi na 14 na Littafin Maimaitawar Shari'a, cikin Attaura, an jera dabbobi goma da aka halatta wa Bani Isra'ila cin namansu. Uku na gida ne: sa, tunkiya da akuya. Sauran bakwai namun dawa ne, kuma har yau masana ba su daidaita kan yawancinsu ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ba su wahala ita ce wadda Ibrananci ya kira te'o.

Sau biyu kacal sunan ya zo a Littafi Mai Tsarki na Ibrananci. Daga Attaura mun san dabbar tana tuƙa, kofatonta a rabe yake, kuma ba ta kiwo ba ce. Wuri na biyu shi ne Littafin Ishaya, babi na 51, aya ta 20, inda aka kwatanta 'ya'yan birnin Ƙudus, sun galabaita suna kwance a bakin tituna, da te'o da ta faɗa cikin raga. Ke nan dabba ce mai ƙarfi da gudu, wadda mafarauta kan ɗana wa raga ta yi ta fama har ƙarfinta ya ƙare. Iyakar shaidar da nassi ya bayar ke nan.

Daga nan kowane mai fassara ya duba dajin da ya sani. Yahudawan Iskandariya da suka mayar da Attaura harshen Girkanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa sun ce mariri ne, mai dogayen ƙahoni. Amma wanda ya fassara Ishaya zuwa Girkanci ya kauce gaba ɗaya, ya ɗauki kalmar a matsayin wani kayan lambu da aka dafa bai gama nuna ba. Jerome, da ya yi fassarar Latin a Baitalami, ya tsaya kan mariri a Attaura. Fassarar Aramiya ta Onkelos kuwa ta ce san dawa ne, fassarar Ingilishi ta Sarki James ta 1611 ma ta bi wannan layi.

Ra'ayin san dawa yana da rauni guda. Ibrananci yana da wani suna, re'em, wanda yawancin masana suka yarda shi ne ƙaton san dawan nan da ya ƙare a duniya, na ƙarshensa ya mutu a Poland a 1627. Dangin kalmar a harshen Akkadiya, rimu, shi ma san dawa yake nufi. Tunda san dawa yana da sunansa, ya fi dacewa a bar wa mariri te'o, musamman da yake farin maririn Larabawa ya daɗe yana yawo a hamadar kudancin Falasɗinu da Sina'i.

Ibranancin zamani kuwa ya juya al'amarin. Yau a Isra'ila re'em ake kiran mariri, te'o kuma ya koma sunan ɓauna, har da ta ruwa wadda Larabawa ke kira jamus, wadda ba ta shigo yankin ba sai ƙarnoni bayan zamanin Attaura. Dalilin wannan ruɗani a fili yake: idan dabba ta yi ƙaranci a ƙasa, masu ganinta da ido sukan ƙare, sunan kuma ya koma kan wata da ke kusa.

Shi kansa maririn ya kusa bin sahun san dawa. Farauta da motoci da bindigogi ta ƙarar da na Larabawa a daji a 1972, sai waɗanda aka kiwata a gidajen namun daji aka sake a Oman a 1982. Ɗan'uwansa na Sahel, mai lanƙwasassun ƙahoni, wanda mafarautan Hausa suka sani, an ayyana ya ƙare a daji a 2000, aka fara mayar da shi gandun Wadi Rime da ke Chadi a 2016. Yaran Hausawa nawa ne yau za su bambance mariri da gwanki da kanki? Masu haɗa ƙamus su hanzarta zama da tsofaffin mafarauta, su rubuta kowane suna tare da siffar dabbarsa da hotonta, tun akwai masu iya nunawa.