Wa zai tsaya wa mai kaya bayan ruwa ya janye?

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, Kasuwar Monday ma ba ta tsira ba. Yawancin waɗanda suka yi asara ba su da inshora, sai dai jiran tallafi. 'Yan ƙalilan da suke da ita kuwa, sabuwar ɗawainiya ce ta buɗe musu, wato karɓo diyyar.

Da zarar ka kai rahoto, kamfani zai turo mai ƙiyasta asara. Zai zo da littafi da abin awo, ya jajanta maka, ya ɗauki hotuna, ya tambayi rasit. Ƙwararre ne mai lasisi, kuma sana'arsa ta ɗora masa yin adalci. Amma kamfanin ne ya ɗauko shi, shi ne kuma zai biya shi. Wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, yana tsaye cikin laka, bai kamata ya zauna da shi shi kaɗai ba.

Nan ne dillalin inshora mai rajista yake da rana. Ko da yake daga kamfani yake samun la'adarsa, a doka wakilin mai kaya ne, kuma ya san inda ake yin tuntuɓe. Takardar gobara zalla ba ta ɗaukar ambaliya sai an ƙara sharaɗin tun farko. Wanda bai biya kuɗin shekara ba, ba shi da kariya, ƙa'idar da hukumar kula da inshora, NAICOM, ta tsaurara tun 2013.

Sai ƙa'idar da ta fi cin mutane, mai wuyar haɗiya. A ce kayan shagonka sun kai naira miliyan 20, amma na miliyan 10 ka yi wa inshora, don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ko kuma farashi ne ya tashi ba ka sabunta ba. Wuta ta ci na miliyan 8. Kana sa ran 8 cif, tunda bai kai 10 ba. Kamfani zai ce rabin kayan ka ba shi amana, don haka rabin asarar zai ɗauka: miliyan 4. Da irin yadda naira ta faɗi a shekarun nan, wanda bai taɓa takardarsa ba tun 2022 ya riga ya faɗa wannan rami bai sani ba.

Ga batun shaida. Ɗan kasuwarmu a cikin shago yake ajiye littafin ciniki, tare da kayan yake ƙonewa ko ya jiƙe. Akanta zai iya sake haɗa lissafin daga bayanan banki, da cinikin POS, da rasitan da ke hannun waɗanda ake sarin kaya a wurinsu. Rahoton 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda ma a nema da wuri, kuma kada a share wurin kafin a zo a gani.

A ƙarshe za a miƙo takardar sallama mai ɗauke da adadin da kamfani ya amince zai biya. Sa hannu a kanta yana nufin ka yarda magana ta ƙare. Idan adadin bai kwanta maka ba, lauya ya karanta tukuna. NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma kamfanonin inshorar Musulunci, wato takaful, ma a ƙarƙashinta suke.